Ragon da Ya Yi Ƙiba a Kwana Ɗaya

Ana dab da Babbar Sallah na sayo rago a kasuwar Wudil, siriri kamar sandar makiyayi. Ƙanin matata, Sabi'u, ya kalle shi ya ce, "Yaya, layya za a yi da wannan ko jinya?"

Na ce ya dawo gobe ya ga aikin masu basira.

Na yi nazari mai zurfi: ban taɓa ganin wanda ciyawa ta yi wa kumatu ba, amma wake yana yi. Sai na kwashe harawar da ke gaban ragon, na jiƙa wake da dawa na cika masa daro. Ya cinye tas. Washegari cikinsa ya taso, in an buga yana amsawa kamar ganga. Na tara maƙwabta ina yi musu bayanin sirrin kiwo, ragon kuwa yana nishi yana neman faɗuwa.

Matata ce ta kira likitan dabbobi a ɓoye. Ya danna cikin ya ce, "Malam, wannan ai ba kitse ba ne, iska ce. Tumbinsa da ciyawa ya saba, hatsin ya yi tsami a ciki." Ya zura masa roba ta baki. Ƙibar da nake taƙama da ita ta fice da ƙara da wari, a gaban kowa.

Ragon ya rayu. Amma har yau, duk wanda tayar babur ɗinsa ta sace a layinmu, sai a ce masa, "Kai wa Malam, shi ma yana ba da iska."