Ranar da Na Yi Kudeta a Cikin Jikin Mutum

Ba zan taɓa mantawa da tiyatar ɗin nan, wato wasan kwaikwayo, ba, kuma wallahi ba ni na nema ba. Ina zaune a fada, majalisarmu ta samari, ina dafa shayina, Kawu Alasan, ƙanen innata, majo, wato babban malamin jinya a lopital, ya zo ya ce tunda bakina ba ya hutawa, in zo in yi wasan faɗakarwa kan sida, cutar ƙanjamau, a gidan samari. Ni da aka kora daga lakkol a sankiyem, aji biyu na sakandare! Kuma shekarar da soja suka yi kudeta suka karɓi mulki ce, kowa na auna maganarsa.

Ya ce sunana a wasan Tat.

"Kawu, Tat ɗin ɗan wace unguwa ne?"

"Rufe mini baki. Ƙwayar sida in ta shiga ƙwayar jikin mutum, ɓoye saƙonta take cikin na mai gida. Ma'aikatan gidan su fara kwafa, su tsaya a hanya. Sai ta haifi wani ɗan sinadari, shi ne Tat. Shi ke hawa kan kwafin, ya tasa ma'aikatan gaba, sai sun kai ƙarshe. Gida ya koma ba ya ƙera komai sai ƙwayar cuta. Ka gane?"

Na ce na gane (ban gane ba).

Ranar wasa fili ya cika, har da makiyayan Ingal da fari ya cinye wa dabbobi. Yaran da suka fito a matsayin sojojin jiki suka zube ƙasa kamar yadda aka tsara. Aka miƙo mini mikro. Kaina fayau, ko kalma ɗaya babu. Kawu yana ta zaro mini ido. Sai na ce bari in yi yadda na fahimta. Na ƙame, na kumbura murya irin ta soja mai sanarwar juyin mulki a rediyo:

"Kominike nimero an! Daga yau mun karɓi gidan nan. Ma'aikata kowa ya koma bakin aiki, amma mu za ku yi wa. Rediyo ba ta karanta komai sai namu!"

Na jira dariya. Tsit. Sai a lokacin na hango bere, hular soja, a layin gaba. Kapitan guda, da sarjansa.

Ana tashi sarjan ya damƙo wuyan rigata. Ni dai gidan kaso nake gani, da askin kwalba.

Kapitan ya ce, "Kai ne ƙwayar cuta mai kominike? To mu su wane ne a wasan naka?"

"Ku... ku ne sojojin jiki, mon kapitan."

"Waɗancan da suka zube?"

Jama'a, nan ne na ji ɗumi yana bin ƙafata, ya sauka cikin takalmi, ya yi ɗan tafki a kan yashi. Gaban 'yan matan unguwarmu. (Tun ranar, in ban gane abu ba, cewa nake ban gane ba.)

Kawu yana roƙo: "Yaro ne, ba ya da kai." Sarja yana cewa a'a, sai na kwana a kamfani, wato barikinsu, na koyi ladabi. Suka yi ta ja, ni ina tsakiya ina ɗiga.

Kapitan ya dubi ƙasa, ya dube ni.

"Sarja, sake shi. Bana duk wanda ya kawo ruwa Agadas, ba mu kama shi."