Littafin da Ya Tafi Tarai a Aljihu

Duk ƙasar Rano da Kibiya babu marubuci kamar Malam Abdulganiyyu. Babu mai musun wannan, domin shi da kansa ya faɗa, har ya sa an buga a katinsa: Marubuci, Manazarci, Jagoran Adabin Zamani. Abokansa na majalisa suna kiransa Shehin Allon Waya. Ya ɗauka sarauta ce, har dunƙule hannu yake yi ya amsa.

Shekara bakwai ya yi yana rubuta littafi guda, ya cika littattafan rubutu na 'yan makaranta goma sha huɗu. Da zamani ya juya, sai ya zauna wata biyar yana kwafe shi cikin waya da babban yatsa. Ranar da ya gama, ya tsaya a bakin tasha ya yi wa mutane sanarwa.

"Jama'a, takarda ta rasu, sai dai mu bi ta da addu'a. Marubucin yau ba ya zuwa maɗaba'a yana lanƙwasa murya. Ni ne marubuci, ni ne maɗaba'a, ni ne kanti. Latsawa ɗaya zan yi, a karanta ni a birnin Sin."

Don a san ba wasa yake ba, ya kwashi littattafan nan goma sha huɗu ya kai wa Zulaiha mai ƙosai kyauta, ta riƙa ƙunshi da su.

Matarsa Saude ta ce ya tura wa ƙanwarta kwafi, ko don ajiya. Ya dube ta da tausayi.

"Saude, ba ki san ɓarayin zamani ba. Ki ba mutum ɗaya da hantsi, kafin azahar littafin ya zaga zaure arba'in na wasaf, an goge sunana an sa na wata. Ido ba zai gan shi ba sai an ƙaddamar."

Ta haka aikin shekara bakwai ya tare a waya ɗaya, ba shi da ɗan'uwa a ko'ina.

Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika da maroƙi. Saura abu ɗaya: a wurin ƙaddamarwa dole a sami abin da za a kwance a ɗaga wa jama'a. Shehi bai rasa dabara ba. Ya naɗe wayar da takarda mai ƙyalli, ya ɗaure da jan zare, ya ɗora a farantin tangaran na Saude.

Babban mai ƙaddamarwa kuwa surukinsa ne, Alhaji Halliru na Tarai, manomi dattijo. Sau uku Alhaji ya taɓa halartar irin wannan taro, ya kuma riƙe ƙa'ida ɗaya daram: wanda ya buɗe littafi, shi ke tafiya gida da kwafin farko.

Shehi ya yi jawabin awa ɗaya da kwata, sannan ya nuna farantin.

"Abin da kuke gani ɗin nan, shi ne littafin. Babu wani bayan shi."

Alhaji ya yi bismilla, ya kwance zare, ya juya wayar gaba da baya.

"Masha Allahu. Littafi har da abin ɗaukar hoto."

Ya sanar da gudummawar masara buhu biyu, aka yi kabbara. Ya jefa littafin a aljihun 'yar ciki, ya gyara babbar riga, ya nufi mota.

Shehi ya bi shi da kallo. Mutumin da ko idon surukinsa ba ya iya kallo, ina zai ce masa ya zazzage aljihu a gaban jama'a? Maroƙi na ta zuba wa Shehi kirari. Da ya ga kowa na tafi, shi ma ya tafa.

Kwana uku yana tsara wasiƙar neman alfarma, a kan marigayiya takarda, yana yagewa. A rana ta huɗu ya haƙura ya tura Saude. Da la'asar ta dawo, ta ajiye mayafi.

"Baba ya ba Inna wayar. Ta ce cike take da surutu, babu wurin hoton jikoki. An kai ta kasuwar Kibiya an wanke ta tas. Baba ya ce a gaishe ka, wai littafin yana kama rediyo sosai."

Jagoran Adabin Zamani ya fita ba hula. Ya sami Zulaiha a gaban kasko, tana kan littafi na goma sha huɗu, saura warƙa biyu. Sauran duk sun bi ƙosai sun watsu cikin gari, daga Rano har Zurgu.

"Sannu da zuwa, Malam! Wallahi tunda nake sana'ar nan ban taɓa samun takarda mai tsotse mai irin taka ba. Kowa yabawa yake. In ka rubuta na biyu, ka fara kawo mini kafin wata ta riga ni."

Ta yage shafin ƙarshe, ta ƙunsa masa ƙosai uku, ta ce kyauta ne.

Wannan shi ne sharhin farko da aka yi wa littafin, kuma har yau ba a sami na biyu ba.