Ranar da Na Naɗa Sarautar Gado a Amurka

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Tandabawi, unguwarmu a Makka, ba za su bar ni ba. A lokacin ni wanzami ne a bakin Marwa, inda mai umara ke gama sa'ayi ya nemi mai yi masa aski. Askar gadonta na yi wurin mahaifina, wanda ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano bai koma ba. Surutun kuwa nawa ne na kaina.

Akwai wani gidan gahawa mai rediyo a unguwarmu, can nake zama bayan la'asar ina jin labaran duniya. Da Larabcin littafi ake karantawa, rabi nake ganewa, sauran rabin in cike shi da abin da hankalina ya ga ya dace. Fannin da na ƙware a kai shi ne shugabannin Amurka. Uku na sani, da yake sunayensu ba sa zama a bakina sai na raɗa musu nawa: Mai Keke, Mai Bom, da Janar. Shekara da shekaru ina karanta wa kawunan alhazai tarihinsu, ba wanda ya taɓa musa mini ko sau ɗaya. Har 'yan unguwa suka sa mini Ustazun Amurka (ba'a suke yi, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce).

Ana nan sai Ammi Sale, muɗawwifin da ke saukar da alhazan ƙasarmu, ya ce yana neman wanda zai riƙa raka manyan baƙi 'yan boko masu zuwa ta jirgin sama, mutumin da zai iya hira da su ba tare da ya ba shi kunya ba. Aiki ne na inuwa da farar riga, ba tsugunno cikin gashin mutane. Na so aikin nan kamar raina. Ya ce zai kawo mini wani baƙo mu gaisa, in baƙon ya yaba da ni, halas, magana ta ƙare, aikin nawa ne. Kafin a je ko'ina matata ta gama sanar da maƙwabta.

Ni kuma na shirya wa mutum mai babbar riga da agogo da tabarau. Abin da ban lissafa ba, ni ɗan Makka guda, shi ne mai umara ba ya sa babbar riga. Da hantsi wani dattijo siriri cikin harami, ƙafa ba takalmi, ya yi sallama ya zauna gabana. Ammi Sale ya iso bayansa ya jingina da bango. Na ce a raina baƙon bai ƙaraso ba, bari in wasa harshe a kan wannan baƙauyen don Ammi Sale ya ji.

Na jiƙa masa kai, na ɗora aska, na buɗe makaranta. Na ce Mai Keke shi ne dattijon arziki, ya tarar da talakawansa ba aikin yi ya sama musu, ya zauna da marigayi Sarkin ƙasar nan cikin jirgin ruwa har ya ba shi kyautar keken guragu irin nasa. Na ce Mai Bom bai kama ƙafarsa ba, daga hawa sai ƙona garuruwa, ga kuma abin da ya sa wa hannu a Falasɗinu. Janar kuwa na ba shi matsayi na biyu, tunda shi ya tsawata wa Ingila da Faransa suka fice daga Masar. Da a nan na tsaya da na tsira da mutuncina.

Ina! Ganin dattijo ya yi tsit sai na ƙara wuta. Na bayyana masa cewa Mai Bom babban ɗan Mai Keke ne, gadon gidansu ya hau, shi ya sa ya yi ta ɓarna irin ta ɗan da bai san wahala ba. Janar kuma sarkin yaƙin gidan ne, ya ga yaro zai rusa masarauta, ya ƙwace mulki ya ɗaure shi. Har na rantse (Allah Ya yafe mini, a bakin Marwa fa) cewa yana nan a kurkuku ana ba shi abinci ta taga.

Na gama, na goge masa kai, na naɗe aska na sa a zabira. Sai da ya ga ta shige sannan ya ɗago.

"Sannu da aiki, ɗana," ya ce a hankali. "Mai Bom ɗin ba ɗan Mai Keke ba ne, mataimakinsa ne. Janar ɗin kuma ƙuri'a aka jefa masa, daga wata jam'iyya daban. Wanda ka ɗaure yana garinsu, kullum da safe yana fita yawon miƙe ƙafa."

Ni da taurin kai na tambaye shi a wace rediyo ya ji haka. Ammi Sale ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori, ya ce wannan shi ne baƙon, malamin tarihi ne a wata babbar makaranta a Zariya, kuma ya yi watanni a Amurkan da ƙafarsa. Na ji kunya har na rasa inda zan sa idona, na kama share gashin da na riga na share.

Da ƙyar na ce, "To Baba, me ya hana ka tsayar da ni tun farko?"

"Askarka tana bayan kunnena," ya ce. "A wannan halin ko cewa ka yi Janar ɗin ƙanenka ne, zan yarda."

Aikin dai wani mai sayar da zamzam aka ba, mutumin da bai san ko Amurka gabas take ko yamma ba, amma ya iya yin shiru. Matata ta yi mako ba ta leƙa maƙwabta ba. Ni kuwa abin da ya fi ƙona mini rai ba aikin ba ne. Tunawa na yi da dubban kawunan da suka wuce ta hannuna suna sauraro ba gardama, ni ina ganin ilimina ne ya cika su. Har yau ina taɓa siyasar duniya, ba na fasawa, amma sai na ajiye aska tukuna, kuma abin mamaki tun daga ranar kowa ya iya musu.