Yadda Za Ka Yi Gaba da Abokinka Har Ya Ji a Jikinsa

Bi matakan nan, na yi maka alkawari cikin kwana tara abokinka zai san ya yi maka laifi. Na gwada da kaina a kan Dogo, mai gyaran waya a jikin shagon askin da nake aiki.

Mataki na 1: Samo laifi mai nauyi
Kada ka ɓarnatar da fushinka a kan caja. Jira babba. Ni wani da nake yi wa aski ne ya ce, kansa a sunkuye, ashe Dogo ya samu aiki a wani gari, Asabar ta sama zai tashi. Tun aji ɗaya na sakandare muke tare, amma a bakin baƙo na ji. Saura kaɗan kunnen mutumin ya tafi.

Mataki na 2: Kada ka tambaye shi
Tambaya tana jawo bayani, bayani yana kashe fushi. Riƙe abinka.

Mataki na 3: Rage gaisuwa
In ya ce, "Mutumina, ya aiki?" ka ce, "Lafiya." Kada ka ƙara "lau". Akwai 'yar matsala a nan: in dama haka kake amsawa kullum, ba zai lura ba. Ni dama haka nake amsawa.

Mataki na 4: Koma ƙarshen benci
Bar tazara tsakaninku, ya ji sanyin rashinka. Dogo ya ga fili, ya miƙe ƙafafu, ya sa min albarka.

Mataki na 5: Yi habaici a waya
Ɗora baƙin hoto, ka rubuta "wasu mutane dai". Mutum huɗu suka ba ni haƙuri. Yayata ta kira tana tambaya ko da mijinta nake. Dogo ya leƙo da sukundireba a hannu, wai in faɗa masa wanda ya taɓa ni mu je mu same shi.

Mataki na 6: Ƙi abincinsa
In ya turo maka kwano, ka ce ka ƙoshi. Zai cinye. Ka shirya wa yunwa.

Mataki na 7: In ya zo askin bankwana, ka yi gum
Ko tari kada ka yi. Na yi masa askin cikin fushi, a hankali, sau biyu ina gyara gefen. Maigidana ya ce tun da na zo shagon bai ga na yi mai kyansa ba. Dogo kuwa barci ya yi.

Mataki na 8: Kada ka je tasha
In ka je, kada ka ɗaukar masa jaka. In ka ɗauka, kada ka kalle shi.
Da ya shiga mota ya leƙo ta taga, ya ce duk satin nan kowa ya ishe shi da surutu, ni kaɗai na bar shi ya sha iska. Sau uku wai ya zo zai faɗa min, sai ya ga in ya furta a gabana ba zai iya tafiya ba.
Na ce, "Kwana tara ina gaba da kai."
Ya ce, "Yaushe?"
Direba ya ja mota.

Gargaɗi: na ce zai sani, ban ce zai sani da wuri ba. In ka bi wannan hanya ka yi asarar kwanakinku na ƙarshe, babu ruwana, kada ka neme ni. In kuma ka matsa, ina shago. Akwai fili a benci. Amma ba na magana.