Albasar da ba ta hau jirgi ba

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara karanta rubutun hannuna a gaban jama'a. Lokacin watana takwas da shiga ajin yaƙi da jahilci a Bodinga, furfura ta fara fito mini, sai aka ɗauki Nasiru, ɗan ƙanwata, aikin sojan sama. Ba tuƙi zai yi ba, yana cikin masu kula da kaya da mutane a cikin jirgi. Da aka yi mini wannan bayani sai na ce a raina, ashe kwandasta ne! Ni kuwa shekara ashirin na yi ina kwandastan bas tsakanin Sakkwato da Shagari. Wa ya fi ni sanin aikin?

Sati biyu na yi ina rubuta masa nasiha a littafin aji, ina gogewa ina sakewa (har takardar ta huje wuri biyu). So nake dangi su ga cewa kawun da ba ya iya rubuta sunansa yanzu ya zama mai alƙalami.

Ranar walimar sallama muka taru ƙofar gidansu a Shagari bayan la'asar. Aka yi addu'a, aka ce kawu ya yi magana. Na miƙe na buɗe littafi, ina bin layi da yatsa.

"Ka girmama direbanka. Albashin farko kada ka sayi babbar waya, ka sayi tunkiya."

Dattawa suka gyaɗa kai. Har Baba Sajan, tsohon sojan unguwar, ya ce, "Wanga zance haka yake." Kaina ya kumbura. Da a nan na tsaya, da na koma gida da mutuncina.

"Na uku," na ce, "albashi ba ya riƙe kwandasta, saƙo ke riƙe shi." Sai na nuna buhu uku na albasa da na ɗauko tun daga Bodinga, jingine da bango. "Ka tura su ƙarƙashin kujera, in kun sauka Legas ka sayar. In direba ya yi magana, ka zuba masa kwano guda."

Baba Sajan ya gyara hula ya ce, "To Malam, in 'yan sanda sunka tsai da su bisa hanya hwa?"

(Wallahi ban gane tsokana ce ba.) Na ce, "Sai ya sauka ya gaishe su."

Dariyar da aka yi har mata suka leƙo daga zaure. Nasiru, ɗan albarka, bai yi ba. Ya matso ya durƙusa ya ce a hankali, "Kawu, ko buta ba a sa wa jirgi sai an auna ta an rubuta. In anka ga albasa, ran nan za a kore ni."

Na rufe littafi. Saura nasiha huɗu, har yau ba wanda ya ji su.

Da zan tafi Nasiru ya roƙe ni takardar, ya ninke ya sa aljihu. Tunkiyar kuwa ya saya, tana gidana, ta yi jikoki. Baba Sajan ya rasu, Allah ya jiƙansa, ina kewar tsokanarsa. Albasa ta ƙare a miyar ƙanwata.

Tun daga ranar, kafin in ba wani shawara kan aikinsa, sai na fara tambaya ko motarsu tana taka ƙasa.