Hular Janar Ubaidullahi

Allah Ya albarkaci Rano da duwatsu da ƙasar noma, sannan Ya ƙara mata da Alhaji Ubaidullahi. Duwatsun ba sa magana. Shi yake yi a madadinsu.

Shekara talatin da biyar ya yi a wani ofis, a sashen tsare-tsare, inda ya tsara manyan abubuwa da yawa waɗanda duniya ba ta samu sukunin aiwatarwa ba. Da ya yi ritaya sai ya ga zalunci ne a bar ƙwaƙwalwa irin tasa a ɗaki tana tsatsa. Ya sayo allon lido mai gilashi da ɗan kofin roba da ƙwaya guda ɗaya, ya kai su gindin darbejiyar da ke gaban shagon Haliru tela, a bakin hanyar Kibiya. Tun daga ranar, kullum bayan la'asar, nan ne fagen fama. Badamasi mai faci ne ya fara ce masa Janar. Alhaji ya karɓi muƙamin da hannu biyu, bai tsaya tambayar abin da ya sa jama'a suka sunkuyar da kai suna tari ba.

Ku zo ku ga Janar ranar da wasa ya yi masa kyau. Yakan girgiza kofin a saitin kunnensa kamar mai sauraron sirri, ya kife, in shida ta fito ya dubi jama'a da tausayi.

"Jahili ne yake cewa lido sa'a ce," yakan ce. "Lido yaƙi ne. Wannan ɗan da na ci maka, Haliru, tun jiya da hantsi na tsara mutuwarsa. Kai kana ganin ƙwaya, ni ina ganin taswira."

Shi ne kuma ya kafa dokar hula. Ya sa Badamasi ya buga ƙusa a jikin darbejiyar, ya zartar cewa duk wanda ya zo na ƙarshe zai cire hularsa ya rataye a nan, ya zauna da kai tsirara har a kira magariba, masu wucewa suna kallo. Ya ce haka ake koya wa soja kunya. Ƙusar nan ta ɗauki hular kowa. Ta Haliru ta fi kowacce daɗewa a kanta, har tsuntsayen bishiyar suka san ta, suka yi mata shaida da farin tambari.

Hula ɗaya ce ba ta taɓa hawa ba, shekara tara cur. Zanna ce doguwa mai shuɗin zare, ta sha sitaci, tana tsaye a kan Janar kamar hasumiya. Babu wanda ya taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta. Wasu sun ce sanƙo ne, wasu sun ce tabo, Badamasi ya ce wataƙila a nan taswirar take. In tunani ya yi zurfi, Janar yakan kai hannu ya ɗan ɗaga gefenta ya gyara mata zama, jama'a su yi shiru don kada su katse wa tarihi hanzari.

Ba wai ba a cin Janar ba ne. Ana cin sa, kamar sau uku a mako. Amma ya kafa kwamitin sauraron ƙorafi, shi ne shugaba, shi ne sakatare, kuma duk zaman da kwamitin ya yi yakan gano cewa laifin ƙwaya ne. Ran nan ta bugi gefen gilashi. Ran nan akwai gam a yatsun Badamasi. Akwai ranar da iska ta taso daga wajen Madachi da mugun nufi. Ya taɓa kai ƙwayar wajen maƙeri a auna masa kusurwoyinta. Ya taɓa dakatar da ita daga aiki na kwana uku, ya kulle ta a kwalin ashana, ya ce ta je ta yi tunani a kan halinta. Hukuncin kwamiti dai ba ya canzawa: cin da ƙwaya ta yi ba ci ba ne, don haka hula tana nan inda take.

Kowane zama kuma da jawabin rufewa.

"Ƙwayar nan ce take rufa muku asiri. Da a ce akwai wasan da babu ita, ƙwaƙwalwa da ƙwaƙwalwa kawai, daga nan har Kibiya babu mai zama a gabana. In aka ci ni a irin wannan, ku shaida, da hannuna zan rataye hulata."

An shaida. An shaida ya fi sau ɗari, har Haliru yana iya karanta jawabin da allura a bakinsa.

Ranar wata Laraba ce a ƙarshen damina. An yi yayyafi da azahar, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi, gero a gonakin bayan gari ya sunkuyar da kai. Wasa ya ƙi Janar tun daga farko. A lido sai da shida ɗa yake fita daga gida, shi kuwa 'ya'yansa huɗu suna zaune a ɗaki kamar masu takaba. Ya jefa ya samu biyu. Ya jefa ya samu ɗaya. Badamasi ya gama ya miƙe ƙafa, Haliru saura ɗa guda ya shige. Babu iska, babu gam, ƙwaya tana faɗuwa a tsakiyar gilashi sarai. Haliru ya fara satar kallon ƙusa.

Jifa ya zo kan Janar. Ya girgiza kofi a saitin kunne, ya yi tari mai tsawo, ya gyara zaman hula. Ya sake girgizawa, ya kife kofin a kan gilashi, ya ɗaga.

Babu komai a ciki.

Aka ɗaga tabarma, aka kakkaɓe riguna, aka leƙa cikin takalma. Janar da kansa ya jagoranci binciken, yana nuna wurare da sanda. Ya tuhumi wata kaza da ta gifta. Daga nan kwamiti ya zauna a tsaye, ya soke wasan saboda ɓatan kayan aiki.

"Ta gudu ne don ta san shida ce za ta fito," in ji Janar. "Ta rufa maka asiri, Haliru. Da a ce akwai wasan da babu ita..."

Ya kai jawabin har ƙarshe, har wajen rataye hula da hannunsa.

A kan bencin shago akwai wani dattijo da ke jiran Haliru ya gama masa ɗinkin riga. Baffa Zailani ne, Bafulatanin ƙauyen Saji, gajere siriri kamar sandarsa, da malafa a gwiwa. Tun ɗazu yana kallon wasan.

"Alhaji, ai akwai," ya ce a hankali. "Dara ba ta da ƙwaya."

Janar ya dube shi daga sama zuwa ƙasa, tafiyar ba ta da nisa.

"Dara? Wasan tonon ƙasa? Baffa, wannan ai ta masu jiran shanu su ƙoshi ce."

"Haka ne. Ni ma can na koya. Ban iya sosai ba."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta shiga kunnen Janar kamar kiɗa. Ya naɗe hannun riga. Ya ce yau za a ga bambancin ofis da ruga.

Baffa Zailani mutum ne mai ladabi. Ya ce Alhaji ne babba, shi ya kamata ya haƙa gurabun. Janar ya durƙusa ya haƙa talatin, layi biyar, shida-shida, yana aunawa da ɗan yatsa. Baffa ya ce Alhaji ya zaɓi 'ya'ya. Janar ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu, ya bar wa Baffa karare, ya ce dutse ya fi kara asali. Baffa ya ce Alhaji ya fara. Haliru ya ajiye almakashi ya fito. Masu shayi suka matso, wani ɗan acaɓa ya kashe babur.

Dokar mai sauƙi ce. Kowa ya dasa 'ya'yansa a gurabu, sannan a riƙa matsar da su gida ɗaya-ɗaya. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗan abokin wasa guda.

Janar ya yi dashe irin na manya. Kowace tsakuwa sai da ya ba ta suna da muƙami.

"Wannan rundunar garin Durba ce, za ta zagayo ta baya. Wannan kuma tarko ne. Ba za ka gane shi ba sai gobe."

"To, Alhaji," in ji Baffa. Ya soka karansa a wani gurbi can gefe, yana tambayar Haliru ko aljihun rigar zai ɗauki waya.

Aka fara tafiya. Baffa ya matsar da kara ɗaya, uku suka jeru, ya ɗauke rundunar Durba ya ajiye a gefen ƙafarsa. Janar ya ce da gangan ya ba da ita. Baffa ya janye karan baya, sai ga wasu ukun sun jeru a ɗaya layin. Ya mai da shi gaba, na farkon suka sake cika. Kara ɗaya tal, yana zuwa yana dawowa kamar mai jan guga, kowane taku da tsakuwar da yake tafiya da ita. Tarkon da za a gane gobe ya tafi tun yau.

Hannun Janar ya riƙa lalube a tabarma yana neman kofi. Ya dubi sama, ganye ko motsi ba ya yi. Ya dubi gurabu, shi ya haƙa su. Ya dubi tsakuwa, shi ya zaɓa. Ya nemi kazar nan, ta tafi harkarta. Shekara tara yana da wanda zai tuhuma a kusa da shi, yau ya waiwaya ko'ina bai ga kowa ba sai kansa.

Tsakuwa biyu suka rage masa, biyu kuwa ba sa jera uku. Baffa ya kakkaɓe hannunsa.

"Sa'a ce kawai, Alhaji."

"Kwamiti zai zauna," in ji Janar.

"Kwamiti ƙarar ƙwaya yake saurare, ranka ya daɗe," in ji Haliru. "Ita kuwa ba ta zo aiki ba."

Janar ya ce kamar ya ji kiran salla. Badamasi ya duba rana ya ce da saura, ko alwala ladan bai yi ba. Janar ya ce yana da mura, likita ya hana shi shan iska a ka. Haliru dai ya je ya tsaya kusa da ƙusa, ya sa gefen rigarsa ya goge ta tas, sannan ya fara karanto jawabin rufewa da muryar mai shi, har da inda ake ɗaga yatsa: "Ku shaida, da hannuna..."

"Mun shaida," in ji jama'a, kamar masu amsa addu'a.

Janar ya miƙe. A ba shi haƙƙinsa, ya miƙe kamar janar. Ya kai hannu biyu ya kama hasumiyar, ya ɗaga ta a hankali, yana ƙoƙarin tattaro wani abu da yatsunsa daga ciki. Sitaci ya ci amanarsa, hular ta fita fit gaba ɗaya.

Sanƙo ne, irin na kowa. Har mutane sun fara jin an cuce su.

Sai wani ɗan farin abu ya motsa a tsakiyar sanƙon. Ya gangaro ta goshi, ya yi tsalle a kan karan hanci, ya faɗa kan gilashin lido da ƙara siririya. Ya yi juyi, ya yi rawa, ya zagaya gidan da 'ya'yan Janar huɗu ke zaune har yanzu, sannan ya tsaya.

Kawuna suka haɗu a kan allon. Baffa Zailani, da bai san lido ba, ya ƙirga ɗigon da tsinken kara, ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago yana tambaya ko wannan mai kyau ce.

Haliru ya karɓi hular daga hannun mai ita, ya rataye ta a ƙusa, ya daidaita mata zama. Sannan ya dawo ya tura allon gaban Alhaji Ubaidullahi.

"Janar, shida ce. Fito da ɗanka."