Cinyar Zabo a Bangon Ferefe

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da kuwa na so, domin mutanen Dawce ba za su bar ni ba. Shekarar fari ce, damina ta yi gardama, sojoji kuma na riƙe da ƙasa. Ni ko na dawo Matameye daga cin rani a Kano, ba da atamfa ko rediyo ba, sai da sana'ar gina shafin intanet, kaina ya kumbura har hula ba ta zama.

Wata ƴar ƙungiya ta ɗauke ni in yi mata shafin da zai nuna wa masu ba da agaji halin da rumbunan ƙauyuka ke ciki. In ferefe, wato shugaban yankin (wani kaftin ne a lokacin, mutum mai tsadar murmushi), ya gani ya amince, a tura Yamai, ƙauyukan su shiga sahun masu samun hatsi. In bai amince ba, shi ke nan.

Wallahi na ji daɗin aikin nan! Maimakon in gina wa kowane gari shafinsa daga tushe, sai na yanka aikin gunduwa-gunduwa, ina kiran kowane yanki tubali. Tubalin kan shafi daban, na taswira daban, sannan ga abin alfaharina, tubalin gari: ka ba shi suna da hoto, ya tsara su tsaf. Shi ɗaya ke yi wa Kurni, ya yi wa Yauri, ya yi wa Dawce. Ka gyara wuri ɗaya, ko'ina ya gyaru. Har mai shayin bakin tasha sai da na yi wa wannan bayani (bai tambaye ni ba, bawan Allah).

Don tsabar iyawa, na koya wa tubalin cewa in ya nemi hoton gari bai samu ba, ya sa wani a madadinsa. Da nake gwaji na ɗauki hoton da ya fi kusa da hannuna: ni ne a bikin abokina a Kano, kumatu cike, cinyar zabo a hannu, mai na bin gwiwar hannuna. Na ce zan canza daga baya.

Ranar nuni na kwafe aikin a kile, ɗan abin ajiyar bayanan nan da ake sokawa a kwamfuta, na bar jakar hotunan garuruwa a gida ban sani ba. Biro, wato ofishin ferefe, ya cika, ga masu gari a jere, ga Hajiya shugabar ƙungiyarmu, ga kaftin ya harɗe hannu. Na miƙe ina zuba kamar kanya ba daɗi.

"Ranka ya daɗe, tubali ɗaya ne, amma duk garin da ka taɓa zai nuna maka gaskiyar abin da ke can!"

Na danna Kurni. Na'urar haska hoto ta haska shafin a bango. A sama an rubuta "Halin da jama'a ke ciki", a ƙasa ga ni nan da cinyata.

Na yi sauri na danna Yauri. Ni ne. Na danna Dawce. Ni ne dai, man nan har ƙyalli yake. Tubalina bai yi kuskure ko ɗaya ba, abin da na koya masa shi ya yi. Hajiya ta ja gyale ta rufe fuska tana salati.

Kaftin ya ce, "Samari, in mutanen Yamai suka ga wannan, mu za su roƙa abinci."

Mai garin Dawce, tsoho mai sanyin murya, ya ɗaga sanda ya nuna bangon. "Ɗan nan, ashe kai ka cinye mana. Ko ƙashin ka rage?"

Biro ya fashe da dariya, har sojan bakin ƙofa sai da ya dafa bango. Na so ƙasa ta tsage. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne ganin kaftin ya ɗauki hularsa zai tashi.

"Ranka ya daɗe, don Allah kar laifina ya shafi mutanen nan. A ba ni dama in je gida in dawo."

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ajiye hular. Na ari babur na fita kamar an koro ni, na ɗauko hotunan, na dawo jiƙe da zufa. Na sake danna Kurni. Rumbu ya fito, bakinsa a buɗe, ba ko zangarniya ɗaya. Yauri haka. Da Dawce ta fito, tsohon nan ya daɗe yana kallo, ya ce a hankali, "Wannan na ƙanena ne." Ba wanda ya ƙara dariya. Kaftin ya ce a tura a ranar.

Darasin da na koya kuwa, abin da ka gina don ya shiga kowane gida, kunyarka ma zai kai ta kowane gida. Yanzu in hoto ya ɓace a aikina, farin fili ne ke fitowa. Kuma in mai hoto ya nufo ni a wurin biki, sai na ajiye abin da ke hannuna na haɗiye tukuna.